Aiki da makamashin motsi: abin da ƙarin gudun mota yake ci

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da muka saba yi wa ɗaliban shekarar farko a makon da ake shiga babin makamashi. Mota ta tashi daga tsaye ta kai gudun kilomita 36 a awa, direba ya ƙara mata wuta ta kai 72, ya sake ƙarawa ta kai 108. Kowane mataki ƙarin kilomita 36 ne. Shin aikin da aka yi cikin matakan nan uku daidai yake? Mafi yawansu cewa suke daidai yake, har da waɗanda ke iya rubuta ½mv² ido rufe tun suna lise. Amsar kuwa ita ce mataki na biyu ya ci ninki 3 na abin da na farko ya ci, na uku kuma ninki 5. Ɗalibi yakan karɓi wannan in an nuna masa lissafi, amma ba ya yarda da shi a zuci, shi ya sa in an juya tambayar ta wata fuska sai ya sake faɗawa ramin da ya fito.

Wannan ƴar takarda tana bin motar nan ne mataki mataki, domin a ga inda ninkin yake fitowa. A kan hanya za mu tsaya wurare biyu da littattafan lise ke wucewa da sauri, alhali nan ne ɗalibi mai kaifin hankali yake ƙure malaminsa: wa ya yi aikin da ya ƙara wa mota gudu, kuma me ya sa mai kallo da ke cikin wata motar yake samun wani adadi daban.

1. Kalmomi

Dole a fara da kalmomi, don kalmar ƙarfi a bakin Bahaushe tana ɗauke da kaya da yawa. Ana cewa mota tana da ƙarfi, mai yana da ƙarfi, ta bugi bango da ƙarfi, kuma abubuwa uku ne daban a fizik. A nan ƙarfi yana nufin force kaɗai, ana auna shi da niwton. Aiki shi ne travail, wato ƙarfi sau nisan da wurin da ƙarfin ya taɓa ya gusa, ana auna shi da jul. Makamashi shi ne énergie, makamashin motsi kuma énergie cinétique. Puissance mun kira ta saurin aiki, wato jul nawa cikin daƙiƙa guda, ana auna ta da wat. Daƙiƙa a nan ita ce kashi 1 cikin 60 na minti. Masse mun bar ta a nauyi kamar yadda kowa ke faɗi, tunda babu inda za ta haɗu da poids ta rikitar da mu.

Kalmar makamashi tana da amfani tana da illa. Asalinta abin da ake hura wuta da shi ne, itace ko kara ko gawayi, don haka ɗalibi ba ya shan wahalar gane cewa fetur makamashi ne. Illar ita ce yana ɗauka in mai ya ƙone makamashi ya ƙare ke nan. Mota mai gudu wadda aka kashe wa inji ba ta ƙona kome, amma tana ɗauke da makamashi, kuma sai an sama masa wurin zuwa kafin ta tsaya.

Ba ɗalibanmu ne farkon waɗanda abin ya rikita ba. Descartes ya ɗauka ma'aunin motsi shi ne nauyi sau gudu. A 1686 Leibniz ya ƙi wannan, ya ce nauyi ne sau gudu sau gudu, aka yi shekaru ana jayayya. A 1722 wani masani na ƙasar Holan, 's Gravesande, ya riƙa sakin ƙwallayen tagulla suna faɗawa cikin yumɓu mai laushi, ya ga wanda ya iso da ninki 2 na gudu yana yin rami ninki 4. Émilie du Châtelet ta kafa hujja da wannan gwaji cikin littafinta na 1740. Sai a 1829 Coriolis ya ba kalmar travail ma'anar da muke koyarwa, ya kuma sa rabin nan da ke gaban mv². In manyan masana sun kwashe fiye da shekara 100 kafin magana ta zauna, bai kamata mu yi mamakin yaron da bai haɗiye ta cikin mako guda ba.

2. Matakai uku

Mu ɗauki mota irin ta tasha, da fasinja da kaya, nauyinta duka kilo 2 000. Mun zaɓi 36, 72 da 108 ne don sun yi daidai da mita 10, 20 da 30 a daƙiƙa. Makamashin motsinta, ½mv², shi ne jul 100 000 a gudun farko, 400 000 a na biyu, 900 000 a na uku. In aka ɗebe, mataki na farko ya ci 100 000, na biyu 300 000, na uku 500 000.

Wannan lissafi gaskiya ne, amma bai bayyana kome ba. Abin da ke bayyanawa shi ne nisa. A ce ƙarfin da ke tura motar gaba bai sauya ba, niwton 4 000 ne tun daga farko har ƙarshe, kuma a ajiye iska gefe tukuna. Gudunta zai riƙa ƙaruwa da mita 2 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, don haka kowane mataki daƙiƙa 5 zai ɗauka. Har nan ɗalibi yana da gaskiya: ƙarfi ɗaya, lokaci ɗaya, ƙarin gudu ɗaya. Abin da ya ji a jikinsa ba ƙarya ba ne, sunansa ne bai sani ba. Ƙarfi sau lokaci shi ke ba da sauyin quantité de mouvement, wato nauyi sau gudu, ma'aunin Descartes, kuma wannan kam daidai yake a matakan uku.

Aiki kuwa ba lokaci yake kallo ba, nisa yake kallo. Cikin daƙiƙa 5 na farko motar tana tafiya a hankali, matsakaicin gudunta mita 5 a daƙiƙa, ta ci mita 25. Cikin na biyu matsakaicin 15 ne, ta ci mita 75. Cikin na uku 25 ne, ta ci mita 125. A ninka kowanne da 4 000, sai ga 100 000, 300 000 da 500 000 sun dawo. Jerin nan 1, 3, 5 shi ne wanda Galilée ya bayyana a 1638 game da abin da ke faɗowa daga sama, kuma ba haɗuwar sa'a ba ce: duk inda ƙarfi bai sauya ba haka nisa ke tafiya. A ganinmu wannan hanya ya kamata a fara bi a aji, a bar ½mv² ya fito a ƙarshe a matsayin sakamako. Ɗalibin da ya ga mita 25 da mita 125 a kan allo ba ya sake tambayar me ya kawo gudu sau gudu.

Sai dai motar gaske ba ta iya riƙe niwton 4 000 har ƙarshe. Saurin aiki ƙarfi ne sau gudu. A mita 10 a daƙiƙa ana bukatar wat 40 000, a mita 30 ana bukatar 120 000, kimanin doki 163, abin da ya fi ƙarfin injin yawancin motocin da ke lodi a tashoshinmu. Inji saurin aiki yake da iyaka a kansa, aikin giya kuma shi ne musanya ƙarfi da gudu: ƙaramar giya ƙarfi mai yawa gudu kaɗan, babbar giya akasin haka. In abin da ya rage don ƙarin gudu wat 40 000 ne, mataki na biyu zai ɗauki daƙiƙa 7,5, na uku 12,5. Cikin waɗannan daƙiƙa 12,5 motar za ta ci kimanin mita 317. Direban da ya fito daga bayan kamiyo zai wuce shi tsakanin Birnin Ƙonni da Maraɗi yana auna lokacin ne da abin da ya saba ji a cikin gari, inda mota ke amsawa da zarar an taka. A babban gudu ba ta amsawa haka, kuma wanda ke tafe daga gaba shi ma yana cin nasa mitocin. Ga kuma iska da muka ajiye: ƙarfin da take tare mota da shi yana tafiya da gudu sau gudu, saurin aikin da ake kashewa a kanta kuwa da gudu sau uku, wato in gudu ya ninka 2 shi ya ninka 8.

3. Wa ya yi aikin?

Ƙarfin nan na niwton 4 000 daga ina ya fito? Inji ba ya iya tura motar da yake cikinta, kamar yadda mutum ba ya ɗaga kansa sama ta hanyar jan wuyan rigarsa. Inji yana juya taya, taya tana tura hanya baya, hanya tana tura taya gaba. Ƙarfin waje da ke ƙara wa mota gudu riƙon da ke tsakanin taya da kwalta ne. Shi ya sa ake yawan rubutawa cewa aikin wannan riƙo shi ne ya zama makamashin motsi.

Magana ta yi daɗi a kunne, amma a duba ma'anar aiki. Ƙarfi ne sau nisan da wurin da ƙarfin ya taɓa ya gusa. Tayar da ke birgima ba tare da sulɓi ba, ɓangarenta da ke taɓa ƙasa a tsaye yake a wannan lokaci: ya sauka, ya dafa, ya tashi. Shaidar haka tana nan a sawun taya bisa danyar ƙasa bayan ruwa, inda zanen robar ke fitowa raɗau kamar an buga hatimi. Da wurin yana gusawa da zanen ya shafe. Wurin da bai gusa ba kuwa ba a yi aiki a kansa ba. Ke nan hanya ba ta ba mota ko jul guda ba. Hankali ma ya yarda da haka, don kwalta ba ta da tankin da ke raguwa in motoci sun bi ta kanta.

To me muka lissafa a sashe na 2, da muka ninka 4 000 da mita 125 kuma amsa ta fito daidai? Mun ninka ƙarfi ne da nisan da cibiyar nauyin mota ta yi, ba wurin da ƙarfin ya taɓa ba. Wannan ƙa'ida, ƙarfi sau tafiyar cibiya daidai yake da sauyin ½mv², tana fitowa kai tsaye daga dokar Newton ta biyu, kuma ba ta da aibi. Sai dai ba bayani ba ce game da inda makamashi ya fito. Ga abu dunƙulalle wanda ba shi da sassa masu motsi a cikinsa, tafiyar cibiya da tafiyar wurin taɓawa ɗaya suke, shi ya sa ba a lura. Mota ba haka take ba. Penchina a 1978 da Sherwood a 1983, cikin wata mujallar malaman fizik ta Amurka, sun ba wannan adadi sunan da ake mayarwa pseudo-travail a Faransanci. Muna iya ce masa aikin cibiya, don a bambanta shi da aiki na haƙiƙa.

Lissafin makamashi na haƙiƙa a cikin motar yake. Litar fetur tana ɗauke da kimanin jul miliyan 32. In inji ya mai da kashi 1 cikin 4 na wannan zuwa juya taya, sauran ya tafi zafi ta salansa da lagireto, to jul 900 000 ɗin nan sun ci kimanin kashi 1 cikin 9 na lita. Hanya madogara ce kawai. Mutumin da ya yi tsalle daga ƙasa haka yake: ƙasa ta tura shi sama, amma tuwon da ya ci ne ya biya. In aka cire madogara, misali mota ta kafe cikin rairayi, inji yana ta kuka, mai yana ƙonewa, taya tana juyawa, makamashi yana tafiya wajen watsa yashi da ɗumama roba, cibiyar mota kuwa ba ta gusa ba. Ana bukatar abu biyu, kuma kowanne da aikinsa: riƙo shi ke sauya nauyi sau gudu, mai shi ke ba da makamashi.

4. Mai kallo daga cikin bas

Tambaya ta biyu ta fi wuya. A ce bas tana tafiya kusa da motarmu da gudun kilomita 72 a awa, ba ta ƙarawa ba ta ragewa. Fasinjan bas yana ganin motarmu a tsaye take kusa da tagarsa. Sai ta shiga mataki na uku. A idonsa ta tashi ne daga 0 zuwa mita 10 a daƙiƙa, makamashin motsinta ya ƙaru da jul 100 000. Mai tsaye a bakin hanya ya ce 500 000 ne. Dukansu suna da iznin amfani da dokokin Newton, tunda babu wanda gudunsa ke sauyawa. Amma man da ya fita daga tanki ɗaya ne, ba ya tambayar wa ke kallo. Ina jul 400 000 suka shiga?

Sun shiga ƙasa, wato duniyar da hanya ke kanta. Mota ta samu ƙarin nauyi sau gudu na 2 000 sau 10, wato 20 000, zuwa gaba. Duniya ta samu daidai wannan zuwa baya. Ga mai tsaye a bakin hanya, duniya a tsaye take tun farko, kuma da yake nauyinta ya kai kimanin kilo 6 × 10²⁴, makamashin da ta samu bai kai a rubuta ba. Ga fasinjan bas kuwa duniya tana gudu baya da mita 20 a daƙiƙa tun kafin a fara, aka kuma ƙara tura ta bayan. Ƙarin makamashinta shi ne gudunta sau ƙarin da ta samu, 20 sau 20 000, wato jul 400 000 cif. A haɗa da 100 000 na mota, an dawo 500 000.

Ana iya ganin abin ta fuskar sashe na 3, kuma mu wannan ta fi gamsar da mu. A idon fasinjan bas, wurin da taya ta taɓa hanya ba a tsaye yake ba, yana tafiya baya tare da kwalta. Cikin daƙiƙa 5 ya yi mita 100 baya, alhali ƙarfin niwton 4 000 yana kallon gaba. Aikin hanya a kan mota ya zama jul 400 000 na ragi. Inji ya ba da 500 000, hanya ta kwashe 400 000, mota ta riƙe 100 000. Ke nan maganar da muka yi cewa hanya ba ta aiki ba gaskiya ba ce ga kowa, gaskiya ce ga wanda ke tsaye bisa ƙasa. Aiki da makamashin motsi duka sun dogara ga mazaunin mai kallo, le référentiel. Abin da masu kallo biyu ba za su saɓa a kai ba shi ne jimillar sauyin, in an sa duk abubuwan da suka tura juna cikin lissafi. Wannan misali ya cancanci zama aikin gida ga ɗaliban shekara ta biyu, a ba su bas mai gudun 108 su ga motar tana rage gudu a idon fasinja, makamashinta na raguwa da jul 100 000, duniya na samun 600 000.

5. Birki

Abin da aka tara sai an zubar kafin a tsaya, kuma nan ne lissafin ya fita daga aji. Iyakar ƙarfin da hanya ke iya tare mota da shi bisa busasshiyar kwalta mai kyau kusan kashi 7 cikin 10 ne na nauyin da ke danne taya. Ƙa'idar aikin cibiya ta ba da nisan tsayawa: gudu sau gudu, a raba da 2 × 0,7 × 9,8. A 36 mita 7 ne, a 72 mita 29, a 108 mita 66. In direba ya yi daƙiƙa guda kafin ƙafarsa ta kai birki, a ƙara mita 10, 20 da 30, su zama 17, 49 da 96. Bisa jar ƙasa mai tsakuwa ko kwaltar da yashi ya rufe riƙon ya yi ƙasa da haka sosai, nisan kuma ya ƙaru gwargwado.

Nauyin mota ya fita daga wannan lissafi, kuma ɗalibai kan yi murna da haka su ce ashe lodi ba shi da laifi. Ya fita daga nisa ne kawai, kuma da sharaɗin birki yana iya kai taya ga iyakar riƙonta. Bai fita daga zafi ba. Jul 900 000 in suka shiga ƙarfe kilo 20 za su ɗaga zafinsa da kimanin digiri 100 a taki guda. Kamiyo mai tan 40 a gudun 72 yana ɗauke da jul miliyan 8, ninki 20 na motarmu a wannan gudu. Birkin da aka ƙera don wani nauyi, in aka ɗora masa fiye, ko aka yi ta taka shi a gangara har ya yi zafi, shi ke gazawa tun taya ba ta kai iyakarta ba. In kuwa taya ta kulle ta ja, zafin ya bar birki ya koma tsakanin roba da kwalta, shi ne baƙin layin da ake gani bisa hanya.

Misali na ƙarshe shi ne wanda muka ga ya fi sa aji yin shiru. Motoci biyu iri ɗaya suna jere, ɗaya a 72 ɗaya a 108. Saniya ta shigo hanya mita 29 a gabansu, direbobin suka taka birki lokaci guda. Ta farko ta tsaya daf da ita. Ta biyu da wane gudu za ta iso? Ɗalibai kan ce 36, wato 108 a ɗebe 72. Amma birki makamashi yake cirewa bisa kowace mita, ba gudu ba. Cikin mita 29 ya cire jul 400 000 daga kowace mota. Ta biyu tana da 900 000, saura 500 000, wanda ya yi daidai da mita 22,4 a daƙiƙa, kimanin kilomita 80 a awa. Abin da ya faɗo daga tsawon mita 25 da rabi ne ke isowa ƙasa da irin wannan gudu, hasumiyar babban masallacin Agadas kuwa mita 27 ce. Kuma mun yi wa direba na biyu rangwame, don ba mu sa daƙiƙar da ya yi kafin ya taka ba. In aka sa ta ga su biyun, saniyar tana mita 49, shi ya ci 30 daga ciki bai taɓa birki ba, ya rage masa mita 19, zai iso da kimanin kilomita 91 a awa.